Aradu da Kwalejin Dawakin Tofa: Abin da Tarihin Jirgi Yake Nema Daga Makaranta

Tun da rundunar sojojin ruwa ta Nijeriya ta kafa kwalejin koyar da samar da kayan aiki a Dawakin Tofa, a zamanin shugabancin Awwal Zubairu Gambo (2021 zuwa 2023), ake ta tambaya guda: me sojan ruwa yake nema a tsakiyar gonakin gero da dawa? A ganina amsar tana cikin tarihin jirgin yaƙinmu mafi girman suna, wato Aradu.

Kamfanin Blohm + Voss ne ya ƙera shi a Hambog ta Jamus. An saka shi a ruwa a 1980, ya fara aiki a 1982. Tsawonsa mita 125, yana ɗaukar mutum 195, hafsoshi da ƙananan sojoji. Shi ne na farko a samfurin MEKO 360, kuma ƙannensa huɗu da aka ƙera wa Ajantina sun shiga sahun manyan jiragen yaƙin ƙasar. Sai dai a duba cikinsa da kyau. Injinan dizal na Jamus ne, manyan injinan gudu na Rolls-Royce na Ingila, babbar bindiga mai milimita 127 da makamai masu linzami na Otomat daga Italiya, wasu na'urorin hangen nesa daga Holan. Kowane ƙarfe da ya lalace sai an nemo shi da kuɗin waje, daga ƙasar da ta ƙera shi. Shekara huɗu kacal da fara aikinsa, a 1986, darajar naira ta faɗi.

Daga nan labarin ya zama na jinya. A 1987 ya maƙale a ƙasa, ya kuma yi karo. Ya shafe farkon shekarun 1990 ana gyaransa a Legas. Duk da haka mutanensa sun kai shi Ingila a 2005 don bikin cika shekara 200 da yaƙin Trafalgar, suka kuma ƙetare Tekun Atilantika da shi zuwa Birazil a 2007. Bayan nan ya daɗe a ɗaure, har aka ba kamfanin Dearsan na Turkiyya kwangilar sabunta shi a 2023.

Wannan tafiya ta Birazil ita ce ta fi taɓa ni, domin ƙwarewar injiniyoyi da masu lantarki da masu kula da rumbun kaya ce ta kai tsohon jirgi can ta dawo da shi. Irin wannan sani ba a ajiye shi a takarda kawai. Idan jirgi ya kwana shekaru a bakin gaɓa, wanda ya san kukan injinsa ya yi ritaya, yaron da ya biyo shi bai taɓa jin kukan ba. Abokan gaba ba su taɓa nutsar da Aradu ba. Rashin kayan gyara a kan lokaci ne ya zaunar da shi.

Aikin kwalejin ke nan, kuma koyon lissafin kaya da sayensu da adana su ba ya buƙatar teku. Amma akwai nauyi a kanta. Ƙasar da ta zauna a kai tana cikin yankin da mai bincike Michael Mortimore ya yi nazari tun shekarun 1960, inda jama'a suka yi yawa har ba a hutar da gona, kowace shekara sai an nome ta. Abin da ya riƙe ta shi ne takin da manomi yake jidowa a mangala tun rani, kafin ƙasa ta gaji. Mutanen da suka san kiwon dukiya haka, ba ƙaramin abu suka bayar ba da suka rabu da fili.

Saboda haka ina kira ga hukumomin kwalejin da su sa tarihin Aradu cikin manhaja, su nemo tsofaffin ma'aikatansa tun suna raye, a naɗi bayaninsu da Hausa da Turanci, a kuma buɗe ƙofar koyon sana'a ga 'ya'yan ƙauyukan da ke kewaye da ita.