Daga Gayya Zuwa Gama-kai: Tarihin Aikin Taimako a Ƙasar Anka, Gummi da Bukkuyum

 Allah Ya maimaita mana zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu cikin lafiya da kwanciyar hankali, amin.

Duk shekara idan wannan rana ta zo, ana karanta mana lissafin zubi da bashi da riba. Wannan daidai ne, don dukiyar jama'a amana ce. Amma akwai aikin da ba ya shiga littafin ma'aji: dubiyar marar lafiya, tukunyar da ake ɗorawa gidan rasuwa, zanen da ake kai wa wadda ta baro ƙauyensu da kayan jikinta kaɗai. Tarihin wannan aiki a ƙasarmu ya girmi kowace ƙungiya mai rajista, kuma ya kamata 'ya'yanmu su san shi.

Kafin a san rajista

Kakanninmu ba su da shugaba da sakatariya, amma suna da gayya. Manomi in aiki ya yi masa yawa, sai ya gayyato samarin gari su taru su nome masa gona rana ɗaya, shi kuwa nasa fura da tuwo da goro. Gobe in ta wani ta taso, shi ma ya ɗauki fartanyarsa. Hanyar gari, yasar rijiya, rufin masallaci, duk da haka aka yi su.

Mata ma suna da tasu gayyar, sai dai tana cikin gida. In za a kai amarya, mata ke taruwa su daɓe mata ɗaki. In an yi haihuwa, maƙwabta ke surfe da daka da ɗebo ruwan wankan jego. Ga biki, wanda ƙawa ke kawo wa ƙawarta gudummawa, ita ma ta riƙe a ka har ranar da za ta rama da ƙari. Ga adashi, da uwar adashi wadda ba ta da takarda sai riƙon amana. Idan muka duba da kyau, zubinmu na yau jikan wancan adashi ne, kwamitin walwala kuma jikan gudummawar biki.

'Yan Taru

Cikin tsararrun ƙungiyoyin mata da tarihin wannan yanki ya adana akwai 'Yan Taru. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kusan shekara biyar yana yawon wa'azi a ƙasar Zamfara tun kafin jihadi, mata na halartar majalisinsa, har wasu malamai suka yi masa tsegumi a kan haka, bai fasa ba. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ita ta mayar da abin tsari. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali daga ƙauye ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa alamar jagoranci. Jaji ke jagorantar tsofaffi da 'yan mata zuwa wurin Nana su ɗauki karatu, su koma su koyar da matan aure da ba su samu fita ba.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne ba karatu kaɗai suke yi ba. Sukan zo da sadakar hatsi da zuma da man shanu, a raba wa mabuƙata. A ƙauyukansu kuma su ne masu wankan gawar mace, da kula da marasa lafiya, da sasanta rigimar cikin gida. Babu albashi, babu alawus. To, duk wanda ya ce aikin taimako na ƙungiya baƙon abu ne da aka kawo mana daga waje, a ba shi labarin jaji da malfarta.

Zamanin takarda da hatimi

Dokar ƙungiyoyin gama-kai ta fara aiki a Najeriya a 1935, zamanin Turawa, amma ta daɗe tana hannun maza manoma da 'yan kasuwa. A fagen agaji kuma, an kafa Jama'atu Nasril Islam a 1962, kuma cikin waɗanda suka tsaya a kanta har da ɗan garin Gummi, marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi. Daga irin waɗannan ƙungiyoyi muka saba ganin 'yan agaji da kakinsu a filin idi, da wurin jana'iza, da sansanin alhazai.

Mata sun shigo da ƙarfi daga baya. An kafa FOMWAN a Minna a 1985. A 1987 marigayiya Maryam Babangida ta fito da shirin kyautata rayuwar matan karkara, wanda ya sa mata da yawa suka yi rajistar ƙungiya karon farko don su samu rance ko injin niƙa. Gaskiyar magana, da yawa daga cikin ƙungiyoyin wancan lokaci sun mutu tare da gwamnatin da ta haife su. Waɗanda suka rayu su ne masu adashi da zumunci tun kafin a zo da fom. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba, 1996, rajista ta dawo kusa, Gusau maimakon Sakkwato, ƙungiyoyi suka ƙaru.

Shekarar dalma

Babbar jarrabawa ta zo a 2010. Farashin zinari ya tashi a kasuwar duniya, mazajenmu da samarinmu suka duƙufa haƙa. Sai aka riƙa kawo dutsen cikin gida. Wani a kai shi inji, wani a zuba a turmi, wani lokaci turmin da ake dakan furar yara. Mata suka samu sana'ar da ba sai sun fita ba: su fasa, su daka, su shanya. Ba wanda ya san dutsen cike yake da dalma. Ƙurar ta bi tsakar gida da ɗakuna da kwanuka, yaro mai rarrafe kuwa hannunsa daga ƙasa sai baki.

Agwagi aka fara gani suna mutuwa. Daga nan sai yara: amai, ciwon ciki, jijjiga, suma, cikin kwanaki a kai su makwanci. Aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka ce sanƙarau, wasu suka ce iska. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci na-gari-na-kowa, MSF, da ke zagayen sa ido kan sanƙarau, suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura. Magani bai yi aiki ba, sai aka aika da jini ƙasar waje, sakamako ya nuna gubar dalma. Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta yi tare da jami'an lafiyarmu a Dareta ta ƙasar Anka da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan. A jimlace an ƙiyasta fiye da yara 400 ne suka rasu a yankin. Allah Ya sa masu ceto ne ga iyayensu.

An buɗe wuraren jinya a asibitocin Anka da Bukkuyum, ana ba yara maganin da ke fitar da dalma daga jini, wanda ake sha tsawon makonni. Amma likitoci suka ce magani ba shi da amfani in yaro zai koma gidan da gubar take. Dole sai an kankare ƙasar tsakar gida, an zuba a buhu an binne nesa, an kawo sabuwa an shimfiɗa. Ƙwararru daga Amurka, na kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith, su suka zo da na'urar awon ƙasa, amma fartanya da shebur na hannun mutanen gari. Aka fara da Dareta da 'Yargalma a 2010, sannan Abare, Tungar Guru, Tungar Daji, Sunke da Duza zuwa farkon 2011.

A nan ne ake yawan tsallake mata in ana ba da labari. Kun san gidajenmu, baƙon namiji ba ya wuce zaure. Saƙon da ya tsaya a zaure kuwa bai kai ga mai turmi ba. Sai da mata suka shiga gida gida suna yi wa 'yan uwansu bayani. Matan gida su suka fitar da kayan ɗaki, suka wanke tukwane da kwanuka, suka kakkaɓe shimfiɗu. Uwa ta tafi jinya Anka ta yi makonni, kishiya ko maƙwabciya ta riƙe mata sauran yara da girki. Mafi nauyi duka, mata suka haƙura da sana'ar da ke kawo musu kuɗi a hannu, bayan sarakuna da masu unguwanni sun ce a fitar da aikin dutse daga cikin gidaje. Wannan sadaukarwa ce da ba a rubuta sunan kowa a kanta ba.

Bagega ta fi sauran girma, kuma ita ta fi daɗewa tana jira. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850, kuɗi suka maƙale. Wasu matasa a Abuja, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka tayar da gangamin ceton Bagega a intanet, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka mara musu baya. A ƙarshen Janairun 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya amince a saki kuɗin, aka share Bagega a wannan shekara, yara suka fara karɓar magani. Darasi a nan shi ne taimako ba ya ƙarewa ga tuwo da sabulu. Bin sawun alkawarin hukuma har ya cika, shi ma taimako ne. A farkon 2022 MSF ta miƙa aikin dalma ga gwamnatin jiha, bayan ta gwada jinin yara fiye da 8,000.

Gudun hijira da ambaliya

Ba mu gama farfaɗowa ba sai rashin tsaro ya sauko. Mutanen ƙauyuka suka kwararo cikin gari, har ginin sabuwar fadar Sarkin Zamfaran Anka da ba a kammala ba ya zama matsugunin 'yan gudun hijira. Hare-haren farkon Janairun 2022 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum sun ƙara yawan zawarawa da marayu. A damunar 2024 kuma ruwa ya ci gidaje masu yawa a garin Gummi. Kowane karo, kafin motar agaji ta iso daga Gusau ko Abuja, wa ya fara tarbar mutane? Gidan ɗan uwa, da tukunyar maƙwabciya. Akwai gidajen da ɗaki ɗaya ya ɗauki iyali biyu, aka ƙara ruwa a miya, ba a ce wa kowa ya tashi ba.

Wannan zamani ya taɓa mana har harshe. A da in an ce aikin sa-kai, ana nufin aikin da mutum ya sa kansa don Allah. Yau a Zamfara in ka ce 'yan sa-kai, hankali na tafiya ga masu ɗauke da makami a daji. Amma kalmar tamu ce tun asali. Matan da suka riƙa bin gidaje suna lallashin iyaye a kan rigakafin shan inna, har aka tabbatar da Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji ranar 25 ga Agusta, 2020, su ma masu sa-kai ne. Wadda ta kwana asibiti da yaron da ba nata ba, ita ma haka.

Abin da ya rage gare mu

Tarihin nan ya bar mana aiki uku.

Na farko, dalma ba ta tafi ba, tana nan cikin dutse. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a Afrilun 2019, ta ɗage hanin a Disamban 2024. Yaran da aka haifa shekarar dalma yau sun isa aure ko sun kusa, kuma ba su ga abin da muka gani ba. Kowace mamba ta riƙe wannan ta kuma faɗa wa surukarta da 'yarta: dutsen zinari ba ya shiga gida, ba ya shiga turmi, ba ya shiga injin hatsi. Mai aikin dutse ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya ɗauki yaro. Maigidanta da ke karatun nan, don Allah ku taya mu.

Na biyu, kuɗin taimako su zauna daban da kuɗin rance. Rance ana biya, taimako ba a bin sa. In aka gwama su, ranar da bashi ya maƙale sai a rasa na kai wa mai jego, ranar da musiba ta faɗo kuma sai a cinye jari. Ko naira ɗari ce a kowane zama, a ware ta, a rubuta, a karanta wa kowa.

Na uku, mu jawo ƙanana. Jaji ba ta tafiya ita kaɗai, da 'yan mata take tafe, shi ya sa 'Yan Taru suka wuce zamanin Nana Asma'u da shekaru masu yawa. In za a je dubiya ko ta'aziyya, a tafi da budurwa ɗaya ko amarya ɗaya, ta ga yadda ake sallama, da yadda ake miƙa abu a ɓoye ba tare da an kunyata mai karɓa ba. Zumunta a ƙafa take, kuma ƙafafun iyayenmu sun fara gajiya.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya mayar da kowa gidansa da gonarsa. Allah Ya zaunar da Anka da Gummi da Bukkuyum da Zamfara baki ɗaya lafiya, Ya kai mu baɗi da rai da imani. Amin summa amin.