Ƙaramar Kyamara da Babba: Yadda Gardamar Gilashi Ta Iso Yerwa

Ko da Shehu Abubakar Garbai ya zauna a sabon garin Yerwa, wato Maiduguri, a 1907, kyamara ta riga ta san ƙasar Borno, sai dai a hannun baƙo take. Faransawa sun ɗauki hoton kan Rabeh bayan yaƙin Kusuri a 1900. Olive MacLeod, wadda ta zo har Maifoni ziyarar kabarin Baturen nan mai yawon bincike Boyd Alexander, ta fitar da littafi a 1912 mai ɗauke da hotunan yankin Tafkin Chadi. Da sana'ar ta shiga hannun 'yan ƙasa, da akwati ta fara: a kafa shi bisa ƙafa uku, mai hoto ya lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle, wanda ake ɗauka ya ƙame ko ƙifta ido ba ya yi. Daga nan ne idon jama'a ya saba da cewa hoton kirki sai babbar na'ura, kuma har yau wannan zato bai sake mu ba.

A Jamus kuwa ana ta neman rage wa kyamara jiki. A 1925 kamfanin Leitz ya fitar da Leica, ƙirar Oskar Barnack, mai aiki da fim ɗin silima mai faɗin milimita 35. A 1936 Kine Exakta ta fito daga Dresden da madubi a cikinta, wanda ke ɗauko abin da gilashin gaba ya gani ya miƙa wa idon mai ɗauka. Irin wannan ce ake kira SLR. Daga nan zuriyar ta rabu biyu, mai madubi da marar madubi, kuma duk gardamar da ake yi kan wane gilashi ya fi kaifi a kan madubin nan take.

Madubin SLR tashi yake yi sama duk sanda aka danna, don haske ya wuce ya sami fim, saboda haka dole a bar masa fili. A Nikon F, wadda ta fito a 1959, tazarar da ke tsakanin bakin da ake ɗaura gilashi da fuskar fim milimita 46.5 ce. Gilashi mai milimita 50 bai damu da wannan ba. Amma mai faɗin gani, na 28 ko 35, wanda zai kwashe ango da abokansa duka a ɗaki ɗaya, a ɗabi'arsa kusa da fim yake son zama, ga madubi ya tare wurin. Bafaranshe Pierre Angénieux ya warware matsalar a 1950 da wata ƙira mai ture gilashin gaba, sai dai da tsada ta zo: ƙarin gilasai, ƙarin nauyi, ga miƙaƙƙen layi yakan ɗan lanƙwashe a gefen hoto. Ƙaramar kyamara ba ta da wannan larura. Maƙeri na iya ajiye gilashinta dab da fim, ya daidaita shi da jikin kyamara ɗaya tak, tunda ba cirewa za a yi ba. Rollei 35 ta 1966, wadda ke shiga aljihun riga, gilashin Tessar ne a gabanta, ƙirar da Paul Rudolph ya yi wa Zeiss tun 1902 da gilasai huɗu kacal.

Japanawa ne suka kai abin ƙarshe. Olympus XA ta Yoshihisa Maitani ta fito a 1979, Contax T a 1984, sai Contax T2 a 1990, jikin titaniyam da gilashin Zeiss Sonnar na milimita 38. Nikon 35Ti ta biyo a 1993, Ricoh GR1 da Minolta TC-1 a 1996. GR1 ba ta kai giram 200 ba, amma gilashinta ya yi kyan da Ricoh ta sake ƙera shi daban don masu Leica su ɗaura, haka ita ma Minolta ta yi da nata. Ni a ganina wannan hujja ta isa. Mutumin da ya kashe dukiya a kan Leica ba zai maƙala mata gilashin wasa ba.

To ina babbar ta fi? Da farko wajen shan haske. Yawancin ƙananan nan a f/2.8 suka tsaya, wasu a f/3.5, alhali gilashin milimita 50 mai f/1.4 yana shigar da ninki huɗu na hasken f/2.8. A daren wushe-wushe, ko cikin ɗakin amarya da fitila ɗaya, wannan bambanci ne babba. Ƙananan kuma sukan duhunta kusurwoyin hoto idan aka buɗe su duka, yawancinsu saurin ƙiftawarsu bai wuce kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa ba, sannan a yawancinsu na'ura ce ke zaɓar inda za ta saita, wani lokaci ta bar fuskar amarya ta kama bangon bayanta. Da rana tsaka kuwa, a hasken Maiduguri da ke sa dole a tsuke gilashi zuwa f/8 ko f/11, in aka jera hotunan biyu da wuya ƙwararre ya ce ga na wannan ga na waccan.

Duk da haka babbar ce ta ci kasuwa a nan, kuma ba kaifi ne ya ba ta ba. Masu hoton Najeriya na shekarun 1970 zuwa 1990 da Yashica suka tashi, da Zenit ta Rasha mai gilashin Helios, da Pentax K1000 da Canon AE-1 waɗanda su biyun suka fito a 1976. K1000 ƙarfe ce da sifirin. Batirinta awon haske kawai yake yi, in ya mutu ana ci gaba da aiki. A garin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, hunturu kuma ya cika iska da ƙura mai laushi, wannan ba ƙaramar falala ba ce. Ƙaramar kyamara mai tsada da mota take turo gilashinta waje ta mayar, kowace fita da shiga tana jan ƙura ciki, ranar da motar ta cije kuwa shi ke nan. Babba in gilashinta ya fashe, a kwance a ɗaura wani na hannu. Ga hawan salla a ƙofar fadar Shehu, inda dawaki ke sukuwa daga nesa: sai dogon gilashi, abin da ƙarama ba ta da halin karɓa.

Sai maganar kuɗi. Tsarin tattalin arziki na SAP na gwamnatin Babangida ya fara a 1986, naira ta faɗi, duk abin da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabi, tun daga fim har takardar hoto. Daidai lokacin ne Japan ke ƙera kyamarorin titaniyam don masu hannu da shuni. Ƙananan da suka wadata a gidajenmu na roba ne, tsarabar alhazai da 'yan kasuwa, wasu gilashinsu ma roba ne kuma ba ya saitawa. Su suka ɓata wa ƙaramar kyamara suna. Mai hoton da ya shiga gidan biki da ƙarama a hannu, uwar amarya ba za ta tambaye shi Zeiss ce ko ba Zeiss ba. Kallon ɗan koyo za ta yi masa. Wadda ta cancanci a tuna da ita da alheri a wannan aji ita ce Olympus Trip 35, da aka ƙera daga 1967 zuwa 1984: ba ta cin batir, gilashinta na milimita 40 kuma ya kunyata manya da yawa.

Akwai kuma wurin da gardamar duka ke mutuwa, wato gidan wanki. Na'urorin wankin hoto mai kala, irin su Noritsu da Fuji, suna fitar da katin inci 4 a 6 ko 5 a 7. A wannan girma, kaifin Sonnar da na Helios kusan ɗaya ne a ido. Abin da ke raba hoto mai kyau da marar kyau shi ne ko fim ɗin Kodak, Fuji, Agfa ko Konica ya kwana nawa a shago cikin zafi, ko an sabunta ruwan magani, ko mai na'ura ya san yadda zai fito da baƙar fuska kusa da farar shadda ba tare da ɗaya ta cinye ɗaya ba. Ina jin takaicin yadda ba a ambaton waɗannan ma'aikata, alhali rabin kyan albam ɗin iyayenmu aikin hannunsu ne.

Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, kyamarar dijital ta biyo, gidajen wankin fim suka riƙa rufewa. Kyocera, mai Contax da Yashica, ta daina ƙera kyamara a 2005. Lokacin da Fati Abubakar ta fara nuna rayuwar yau da kullum ta mutanen Borno a aikinta Bits of Borno a 2015, Instagram ne albam ɗinta. A Turai da Amurka da Japan kuwa matasa sun koma wa fim, farashin tsohuwar T2 ya haura na SLR da gilasanta sau da yawa, duk da kayan gyaranta sun yanke.

A Maiduguri inda za a iya ganin ainihin aikin gilasan nan shi ne nagatif. Al'adar sana'ar ita ce mai hoto ya ba ka kofi ya riƙe nagatif, kuma fim ɗin milimita 35 yana ɗauke da bayanin da ƙaramin kati bai taɓa nunawa ba: aikin hula zanna bukar, zanen lalle, rubutun allon shago a Kasuwar Monday kafin gobarar Fabrairun 2023. Ambaliyar da ta biyo fashewar madatsar Alau a Satumban 2024 ta shiga Gwange da tsakiyar gari, ruwa kuwa ba ya barin takardar hoto. Tsofaffin masu hoto da magadansu da ke da kwalayen nagatif a ɗaka su ne ya kamata Jami'ar Maiduguri, musamman sashen koyon aikin jarida, ta nema tun yanzu, a saya ko a ara, a kwafe su cikin kwamfuta da sunan mai ɗauka da unguwa da shekara.