Jami'ar Damagaram, idan aka hango ta daga Gure

Kafin 2008, yaron da ya ci jarrabawar bak, wato ta gama sakandare, a Gure, in yana son jami'ar gwamnati a cikin ƙasarsa, hanya ɗaya gare shi. Zai hau mota ya yi yamma, ya ratsa Damagaram da Tasawa da Maraɗi da Ƙonni da Dogon Dutse da Dosso, sai Yamai, tafiyar fiye da kilomita 1,000. Can ne jami'ar da aka aza harsashinta a 1971, wadda aka raɗa wa sunan Abdou Moumouni a 1992. Ɗan mai hali ya tafi. Ɗan talaka sai in yana da wani ɗan'uwa a babban birni da zai ba shi wurin shimfiɗa tabarma. Ƴa mace kuwa, uba kan yi ta juya maganar har lokacin rajista ya wuce.

Gyaran ya faro ne da ƙaramin abu. A 2008, zamanin shugaba Tandja Mamadou, aka buɗe cibiyoyin koyon fasaha uku da ake kira IUT, a Maraɗi da Tawa da Damagaram. Sai sojoji suka kifar da Tandja a watan Fabrairun 2010, kuma gwamnatin riƙon ƙwarya ta Salou Djibo ce, a cikin wannan shekara, ta mayar da wuraren uku cikakkun jami'o'i. An yi rabon fannoni tun farko: Maraɗi ta ɗauki kimiyya da noma, Tawa ta ɗauki shari'a da tattalin arziki, Damagaram ta fara da adabi da ilimin ɗan Adam. A 2014 aka ƙara wasu huɗu a Agadas da Difa da Dosso da Tilaberi, kowace jiha ta samu tata. Yau ɗan Gure kilomita 160 da ƴan kai ne tsakaninsa da aji. Zai iya zuwa gida sallah, uwa kuma za ta iya ba direba ƙullin gari da dabino ya kai masa.

Jami'ar Damagaram ba ta tsaya a adabi ba. An buɗe sashen ilimin koyarwa, da na kimiyya da fasaha, da na kiwon lafiya, wanda ɗalibansa ke koyon duba marasa lafiya a babban asibitin ƙasa na Damagaram. Ita kuwa IUT, uwar gidan, tana koyar da tsara ƙasa da birane, da harkar sufuri, da tsabta da kare muhalli, da fasahar man fetur. Wannan na ƙarshe ba sai an tambayi dalilinsa ba: a watan Nuwamban 2011 matatar SORAZ ta fara aiki arewa da birnin, tana tace ganga 20,000 a rana na ɗanyen man Agadem. Karatun yana bin matakai uku, lisans da masta da dakta.

Daga baya aka sa wa jami'ar sunan André Salifou, kuma a ganina sunan ya zauna daidai. A Damagaram aka haife shi a 1942. Shi ya rubuta tarihin sarautar Damagaram ta ƙarni na 19, ya kuma yi wasan kwaikwayo a kan Sarki Tanimun. Shi ya jagoranci babban taron ƙasa na 1991 da ya kawo ƙarshen mulkin jam'iyya ɗaya. Ya rasu a 2022. Birnin Damagaram da ya riƙe hedikwatar ƙasa daga 1911 har Faransawa suka ɗauke ta zuwa Yamai a 1926 ya daɗe yana jin an yi masa ƙwace, don haka mutanensa ba su ɗauki jami'ar nan da wasa ba.

Zaman ɗalibi fa sai haƙuri. Akwai amfi, wato babban zauren lacca, akwai ɗakin karatu, akwai resto, wato ɗakin cin abinci, da ɗakunan kwana da motocin jigila da hukumar CROU ke kula da su. Amma kowace shekara masu cin bak ƙaruwa suke, gini kuwa ba ya saurin haihuwa. Wanda bai samu gado ba sai ya haɗa kuɗi da abokai su kama haya cikin gari, garin da kowa ya san shi da ƙishin ruwa saboda dutsen da yake zaune a kai. Kuɗin burs, wato tallafin karatu, kan makara, ɗalibai su fita yajin karatu. Su ma malamai, ƙarƙashin ƙungiyarsu ta SNECS, sun yi doguwar jayayya da gwamnati a 2018 da 2019 kan ko zaɓen shugaban jami'a za a ci gaba da yi ko naɗa shi, shekarar karatu ta yi ta shiga cikin ta gaba.

Ni dai in za a auna wannan jami'a, da ƙasar Muniyo, wato yankin Gure, zan auna ta. Duk wanda ya sauka cikin kwari irin na wannan yanki ya san tsarinsa. Daga baki goriba ce ta yi kewaye, ciki da ita dabino, sannan lambunan rogo da rake da albasa inda ruwa ke kusa, a tsakiya kuma farin fili na kanwa. Daga sama tudun rairayi na gangarowa da iskar hunturu, yana cin bakin kwarin taki bayan taki. Manoma kan kafa shingen ƙirare da kaba a kan tudun, layi-layi suna gittawa, su dasa itatuwa a tsakani, su tsare dabba har saiwa ta kama. Tun 1852 da Bajamushe Heinrich Barth ya sauka a Gure wajen sarkin Muniyo, Muniyoma Kosso, baƙi ne suka fi rubuta labarin wannan ƙasa, kuma binciken rairayin nan ma masana daga Yamai da Beljiyam ne suka daɗe suna yin sa. Yanzu ɗan Gidigir ko Kelle ko Bune, mai jin Barbarci da Hausa, wanda kakansa ke da dabino a kwarin, yana iya karanta labarin ƙasa a Damagaram ya dawo da ma'auni ya sa a rijiyar gidansu. Tsoho zai gaya masa inda ruwa yake tsayawa a da, abin da ba lalle ya gaya wa baƙo mai tafinta ba.

Sai dai binciken na son mota da mai da kayan awo, kuma wanda ya gama na son aiki. Da yawa cikin masu lisans hidimar ƙasa suke yi, daga nan su kama koyarwar kwantiragi a makarantun sakandare na ƙauyuka, suna jiran ranar da gwamnati za ta buɗe ɗaukar ma'aikata.