Kududdufin da ke gefen rijiyar mai



Mu mutanen Sabuwa, Faskari da Ƙanƙara mun san kududdufi: an ɗebi ƙasa an yi gini, an bar rami, damina ta cika shi, dabbobi su sha. To, rijiyar mai ma tana da nata kududdufin, sai dai abin da ke cikinsa ba ruwan sama ba ne.

Idan ana haƙa, ana tura wata laka mai haɗin sinadarai cikin rijiyar don ta sanyaya bakin injin, ta kuma kwaso ɓarɓashin dutse zuwa sama. Wannan lakar da ɓarɓashin ake zubawa a rami kusa da rijiyar. In ba a shimfiɗa masa leda mai kauri ba, dattin ya tsiyaye zuwa ruwan ƙarƙashin ƙasa. In damina ta yi ƙarfi, ya tumbatsa cikin gonaki.

A Najeriya rami ya riga doka. An samu mai a Oloibiri a 1956, amma sai a 1991 hukumar DPR ta fitar da cikakken kundin ƙa'idojin muhalli na harkar mai, wato EGASPIN. Shekara 35 ke nan. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya nuna abin da sakaci da malalar mai da shararsa ke jawowa: a Nisisioken Ogale an samu sinadarin benzin a ruwan sha ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900, gyara kuma zai ci shekara 25 zuwa 30.

Maƙwabciyarmu Chadi ta nuna cewa doka na iya cizo. A Agustan 2013 ta dakatar da kamfanin CNPC na ƙasar Sin bayan an gano ɗanyen mai jibge a ramuka. Daga baya aka daidaita a kan diyyar dala miliyan 400.

Kada mu ce abin ya yi mana nisa. A 2010 gubar dalma daga aikin zinare ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, nan kusa da mu. Ba mai ba ne, amma cutar ɗaya ce: an ɗauki dukiya, an bar shara inda yara ke wasa.

Yanzu mai ya iso Arewa. Ranar 22 ga Nuwamba 2022 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe. Wannan karon doka ta riga rami, domin an sa hannu a dokar PIA a 2021, hukumar NUPRC ke sa ido. Saura aiki da ita.

Mun yi ta murnar rijiya a rubuce-rubucenmu. Ya kamata alƙalaminmu ya koma kan ramin: wa ya shimfiɗa masa leda, wa ke gwada ruwan ƙauyen, wa zai cike shi ranar da kamfani ya kwashe kayansa? Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya sa mu dace.