Yadda Allurar Likitan Haƙori Ta Rage Zafi

Mai karatu, allurar da kake tsoro a wurin likitan haƙori ta yi doguwar tafiya. A 1884 William Halsted ya kashe jijiyar muƙamuƙi da ruwan hodar ibilis a Amurka, har jarabarta ta kama shi kansa. Novocain ya maye gurbinta a 1905, sannan lidoken, wanda aka haɗa a Suwidin a 1943. Amma sukar ba ta daina zafi ba. Daga baya aka gane ba tsinin allura kaɗai ke jawo raɗaɗin ba: maganin yana da tsami, kuma tura shi da sauri yakan takura nama. Shi ya sa likita yake fara shafa man kashe zafi a dasashi, sannan ya tura maganin sannu a hankali. In ka ga yana jinkiri, kada ka gaggauta shi.