Bin Sawun Clapperton daga Zurmi zuwa Sakkwato

Duk mai neman sanin halin da ƙasar Zamfara take ciki a farkon Daular Usmaniyya, ba zai tsallake Hugh Clapperton ba, hafsan sojan ruwan Ingila da aka haifa a 1788. Ya ƙetaro hamada daga Tarabulus, ya shiga Kano a Janairun 1824, ya yada zango a Zurmi, sannan ya isa Sakkwato a watan Maris, inda Waziri Giɗaɗo ya karɓi baƙuncinsa. Ya sake dawowa ta Badagiri a ƙarshen 1825, ajali ya riske shi a Sakkwato ranar 13 ga Afrilu, 1827, hadiminsa Richard Lander ya binne shi a wani ƙauye kusa da birnin. Littattafan tafiyarsa na 1826 da 1829 suna nan, amma karanta su kaɗai rabin aiki ne. Sai an taka wuraren da ya taka, an kuma buɗe takardun mutanen da suka sauke shi.

Dalili kuwa shi ne, baƙo ne mai gani da idon baƙo. Wanda ya ratsa lungunan Kasuwar Kurmi ta Kano zai gane abin da ya kwatanta daidai da abin da ya shige masa duhu. Wanda ya zauna a Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ko Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, zai tarar da muryar ɗaya ɓangaren. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello malami ne marubuci: ya ba baƙon taswirar ƙasar, ya rubuta wa Sarkin Ingila wasiƙa, har aka buga wani yanki na littafinsa Infaƙul Maisuri a ƙarshen littafin 1826. Da Clapperton ya dawo, Bello ya hana shi wucewa da wasiƙa da makamai zuwa Borno, domin ana yaƙi da Shehu El-Kanemi. Clapperton ya kira abin cin amana, alhali daga ɓangaren Sakkwato tsaron ƙasa ne.

Wasu za su ce ɗan leƙen asiri ne da ya share wa mulkin mallaka hanya, don haka bai cancanci wannan wahala ba. Gaskiya ne gwamnatinsa ce ta aiko shi, kuma tana da buƙatarta. Sai dai shekara 76 ke tsakanin rasuwarsa da faɗuwar Sakkwato a 1903, kuma ko maƙiyi ne, ana sauraron shaidarsa a auna ta. Wasu kuma za su kawo matsalar tsaro a hanyar Zurmi. Wannan uzuri ne karɓaɓɓe, amma bai rufe ƙofar ma'ajiyoyin Sakkwato da Kaduna ba.

Saboda haka kira ga ɗalibanmu da malaman Jami'ar Tarayya ta Gusau: ku ɗauki littafin baƙon nan, ku jera shi da rubutun malamanmu da bayanin dattawan Zurmi tun suna raye, ku rubuta mana tarihin wannan hanya da kanku.