Daga Ƙahon Wanzami zuwa Agogon Awon Jini

A shekarar 1929 layin dogo ya iso Ƙauran Namoda, ya tsaya nan bai ƙara gaba ba. Gyaɗa da auduga da fatun ƙasar Moriki da Zurmi da Shinkafi suka sami ƙofar fita zuwa Gusau da Zariya har bakin teku. A wannan shekarar ce kuma wani likita Bature mai suna Donnison, da ke aiki a Kenya, ya buga sakamakon awon da ya yi wa mutanen can, ya ce bai ga hawan jini a cikinsu ba. Maganarsa ta daɗe tana yawo a littattafan likitanci, har aka ɗauka ciwon ba na baƙar fata ba ne. Sai da irin su Farfesa Oladipo Akinkugbe na Ibadan, wanda littafinsa kan hawan jini a Afirka ya fito a 1972, suka nuna cewa ciwon yana nan tare da mu, kuma yana kisa.

Mu a Moriki, tun kafin jirgi da likita, akwai mai kula da jinin mutane: wanzami. Kakana na wajen uwa wanzami ne, kuma na sha riƙe masa zabira ina yaro. Idan bazara ta kama, magidanci zai zo yana cewa jikinsa ya yi nauyi, ƙeya na sara masa, jini ya yi masa yawa. Sai ya tuɓe riga ya zauna kan tabarma ya sunkuya. Kakana ya shafa ruwa a bayansa, ya kafa ƙaho, ya zuƙe iskar da baki, ya toshe ɗan ramin da jijiyar da yake taunawa. Bayan ɗan lokaci ya cire, ya ɗauki 'yar tsaga ya yi ƙananan shaushawa a kan kumburin, ya mayar da ƙahon. Abin da ya fito baƙi ƙirin, a dunƙule, shi ake ce wa mataccen jini. Ya juye a ƙasa, ya rufe da turɓaya. Mutumin ya miƙe yana cewa, "Sannu Sarkin Aska, na ji sakayau."

Ba na raina wannan aiki. Sana'a ce mai sarauta da tsari, da aski da kaciya da cire belu duk a hannunta, kuma ƙaho yana da asali a sunnar Manzon Allah (SAW). Amma akwai abin da hannun kakana ba ya iya gani. Mutum na iya yin shekara goma jininsa na sama ba ciwon kai ba jiri. Ranar da ya faɗi a gona, baki ya karkace, ɓarin jiki ya shanye, sai a ce iska ce ta buge shi, a nemi hayaƙi da rubutu. Mai ciki ta kumbura, ta fara jijjiga ana gab da haihuwa, a ce aljanu ne. Na san gidajen da aka yi irin wannan rashi, ciki har da namu.

Abin da ya kawo canji shi ne awo. A 1733 wani limamin coci a Ingila, Stephen Hales, ya ba da labarin yadda ya haɗa dogon bututun gilashi da jijiyar doki, jinin ya hau sama da ƙafa takwas. A 1896 Riva-Rocci na Italiya ya ƙera abin da ake ɗaurawa a dantse a hura masa iska. A 1905 likitan sojan Rasha, Korotkoff, ya gano cewa idan aka matse jijiya har jini ya tsaya, sannan aka riƙa sakin iskar a hankali, ana jin wani bugu a kunne: inda bugun ya fara shi ne adadin sama, inda ya ɓace shi ne na ƙasa. Har yau a kan wannan ake tafiya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar a 140 bisa 90.

Na'urar ta shigo ƙasarmu ta hannun malaman asibiti, bayan da En'e ta fara buɗe ƙananan ɗakunan magani. Wadda na fara gani akwati ce doguwa mai zaiba a ciki. Malamin ya matsa 'yar ƙwallon roba, dantsen ya ɗaure tamau, zaibar ta hau, ya kasa kunne yana kallonta tana sauka. Tsofaffinmu ba su so ta ba da fari. Mutum lafiyarsa ƙalau, ya zo neman maganin zazzaɓi, a ce masa yana da ciwon da zai sha wa ƙwaya har ƙarshen ransa, ya rage gishiri, ya rage dunƙulen miya. Wa zai karɓi wannan da sauƙi?

Yanzu kuma zamanin agogo ne. Kwanakin baya ɗan 'yar'uwata da ke kasuwanci a Kano ya kira ni. "Kawu, Baba ba ya son zuwa asibiti, hanyar ma ka san yadda take. Wane agogo zan saya masa mai auna jini?" Tambayarsa ta taɓa ni, domin ƙauna ce ta sa ya yi ta, kuma gaskiya ne hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi ba ta biyuwa yadda aka ga dama tun da 'yan bindiga suka addabi yankin.

Haɗin agogo da bugun zuciya tsoho ne. Tun 1707 likita John Floyer ya sa aka ƙera masa agogon ƙirga bugun jijiya a minti ɗaya. Kamfanin Polar na Finland ya fitar da na 'yan wasa a 1982, Apple Watch ya zo a 2015. Agogon yau yana haska koren haske cikin fata. Jini na shanye hasken, don haka duk bugu ɗaya hasken da ke dawowa yana raguwa, sai agogon ya ƙirga. Wajen ƙirga bugun zuciya, musamman mutum na zaune, masu kyau daga cikinsu suna ƙoƙari ƙwarai.

Awon hawan jini dabam ne. Haske ba ya matse jijiya, kintace kawai yake yi daga siffar bugun. Shi ya sa Samsung ya sharɗanta a daidaita agogonsa da na'urar dantse duk bayan mako huɗu. Wanda ba shi da na'urar, agogon bai amfane shi ba. Omron HeartGuide da Huawei Watch D suna da 'yar jakar iska a cikin maɗaurin wadda ke kumbura ta matse wuyan hannu, su ne suka fi kusa da awo na gaske, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin manomi. Su kuwa masu arahar da suka cika kasuwa, na ɗaura ɗaya a jikin gorar ruwa ya nuna mini 120 bisa 80. Irin wannan yana iya kashe mutum, domin zai sa ya ajiye maganinsa yana ganin ya warke. Wasu ma har sukari suke cewa suna aunawa, alhali a Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a cewa ba ta amince da ko agogo ɗaya da ke da'awar haka ba.

Ga kuma halin garinmu. Agogo na son caji kusan kullum, yana son waya, wani lokaci da intanet. Ba mu manta da Satumban 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara baki ɗaya. Na'urar dantse ta zamani batir huɗu take ci, kuma guda ɗaya ta ishi gida duka, da maƙwabta. Ita na ce wa yaron ya saya, ya duba girman maɗaurin ya dace da dantsen Baba, a bar shi ya huta minti biyar kafin awo, hannu a kan tebur daidai ƙirji, a rubuta adadin a littafi safe da yamma don nuna wa likita.

Wani abu kuma yana raina. A 2018 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a shagunan aski 52 na baƙaƙen fata a Los Angeles: masu aski suna kwaɗaitar da abokan cinikinsu, masana magunguna suna zuwa shagon suna awo suna ba da magani. Cikin wata shida adadin sama ya sauka da maki 27. Magidancin Moriki da ba ya taka asibiti yana sunkuyar da kai gaban wanzami kafin Juma'a. Da ƙananan hukumomin Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda za su zauna da sarakunan aska, a koya wa wanzamai awo, a ba kowanne na'ura da 'yar takardar tura mutum asibiti mafi kusa, da an kama mutane da yawa kafin su faɗi. Kuɗin agogo ɗaya mai jakar iska zai sayi na'urorin wanzamai da dama. Sai dai a tabbata idan mutumin ya isa asibitin ya tarar da magani, domin wanda aka tura ya dawo hannu biyu ba zai sake miƙa dantsensa ba.